Mudun Alƙali Ɗaya Ne

Jama'ar Ƙafin Maiyaki, ku dubi Mamman Nasir, Galadiman Katsina. Daga 1961 zuwa 1966 shi ne Ministan Shari'a a gwamnatin NPC. A 1975 ya zama alƙalin Kotun Ƙoli, ya kuma shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 har 1992. Ya rasu a 2019, Allah ya jiƙansa.

Ba laifi ba ne ɗan siyasa ya zama alƙali. Amma mu talakawa sharaɗinmu guda ne: ya tuɓe hular jam'iyya a bakin ƙofa. 'Yan kasuwa, kun san mai mudu biyu, na saye daban, na sayarwa daban. To, in kotu ta auna wa hakimi da wancan, talaka da wannan, ina za mu kai kuka?