Sunan Mawaƙi Ba Ya Tsare Waƙarsa

Girkawan dā sun riƙe sunayen mutanen da suka ce su ne suka fara tsara musu waƙoƙin bauta, irin su Olen da Pamfos da Orfiyus. Hirodotus, masanin tarihinsu na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce a zamaninsa matan tsibirin Delos suna rera waƙar da Olen ya tsara. Yau babu wanda zai iya kawo maka waƙar nan, sai suna kawai ya rage. Waƙoƙi 33 da suka tsira kuwa, an haɗa su an jingina wa Homa, alhali masana sun tabbatar ba bakin mutum ɗaya ba ne. Gumaka suke yabo, ba mu da haɗi da su a nan. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda waƙar ta salwanta.

To, mu fa? Kowane ɗan makaranta ya ji labarin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani na Katsina, malaman ƙarni na 17. Amma a cikinmu nan, mutum nawa ne zai iya tashi ya rera baiti biyar nasu? Kuma mun kamu da irin ciwon Girkawa: duk tsohuwar waƙar wa'azi da muka rasa mai ita sai mu ce ta Shehu ce. Alhali Shehu Usmanu ya tsara da yawa daga cikin waƙoƙinsa da Fulatanci ne, 'ya'yansa Nana Asma'u da Isa suka juya wasu zuwa Hausa. Nana ta rasu a 1864, amma jajis ɗin da ta horar sun kai waƙoƙinta ƙauyuka, mata suna haddacewa suna koyar da 'yan'uwansu. A ƙirjin mata aka ajiye su, ba a kabad ba.

Wannan ƙirji shi ne yake ƙarewa. A Gwiwa da Roni da sauran ƙasar Kazaure, tsohuwar da take bege tana daka, da makahon da yake bin kasuwa da Imfiraji ta Aliyu Namangi, ba su da magaji sai rediyo da wayar hannu. Ga kuma gafakar malam da ya rasu, cike da takardun ajami, an rataye ta a zaure gara tana ci, magada suna jin nauyin buɗewa. Mu da aka kashe wa kuɗi muka yi boko, abin kunya, yawancinmu ko ajamin ba ma iya karantawa.

Ba sai mun jira gwamnati ta kafa kwamiti ba. Idan hutu ya zo, kowa ya durƙusa gaban kakarsa ya ɗauki muryarta, ya tambaye ta wurin wa ta koya, shi kuma wurin wa. A nemi izinin magada a ɗauki hoton takardun shafi shafi, musamman na ƙarshe, inda mai waƙa yakan faɗi sunansa ya ɓoye shekarar cikin ramzi. Ƙungiyarmu ta tattara abin da aka samo ta miƙa wa Sashen Harsunan Nijeriya.