Wa Ya Ce Hausa Ba Ta Nutsewa?

'Yan uwa marubuta, akwai wata magana da ta gundure ni. Da zarar an ce wani ya rubuta bayanin ƙere-ƙere, sai ya ce wai Hausa ba ta da kalmomi. Wannan uzurin malalaci ne. Marubucin bai san abin ba, kuma yana ƙyuyar bincike, sai ya ɗora wa harshe laifi.

Bari mu gwada da abin da ya fi nisa da ƙofar gidanmu: ɗan samfurin jirgin ƙarƙashin ruwa, irin wanda masu sha'awa a Jamus da Ingila da Amurka suke haɗawa, su tuƙa da rimot a tafki.

Jirgin yana da fikafikai iri biyu. Na tsaye a wutsiya, su ke juya shi dama ko hagu. Na kwance, a wutsiya da kuma gaba, su ke dulmiya hancinsa ko su ɗaga shi. Kowane fiffike yana kan sandar tagulla, kuma wani ɗan inji da ke cikin bututun da ruwa ba ya shiga shi ke tura sandar idan rimot ya yi umarni.

A wajen saiti ake gane gwani. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma idan gudun jirgi ya ninka biyu, ƙarfin da ruwa ke danna fiffike yana ninkawa huɗu. Saboda haka karkatar da ido ba ya gani a kan tebur, ruwa sai ya tona ta. Idan fiffiken dama ya ɗan kalli sama, na hagu ya kalli ƙasa, jirgin zai riƙa kishingiɗa yana tafe. Idan mahaɗin sanda yana lako-lako, sai ya riƙa sunkuyawa yana ɗagowa, ya ƙi tsayawa a zurfi ɗaya.

Shi ya sa gwani yake fara kunna rimot, ya bar ɗan injin ya tsaya a tsakiya, sannan ya ɗaura sandar. Yana kafa jirgin a kan katako, ya ja layi daga hanci zuwa wutsiya, ya auna tsayin kowane fiffike daga tebur kafin gam ya bushe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dalma tana ƙasa, abu mara nauyi yana sama, don jirgin ya zauna daram. Fenti ne aikin ƙarshe. Ko rimot ɗin ma sai an zaɓa, domin saƙon gigahaz 2.4 da jirage marasa matuƙi ke amfani da shi ba ya ratsa ruwa, sai a koma zangon ƙasa irin megahaz 40 ko 75.

To, ina kalmar da ta gagara? Fiffike namu ne, wutsiya tamu ce, dalma da tagulla maƙeranmu sun san su tun kafin zuwan Bature. Rimot da fenti kuwa mun ara, kamar yadda muka ari mota da rediyo.

Wani zai ce mai karatu soyayya yake nema, ina ruwansa da sandar tagulla? Jules Verne, marubucin Faransa, ya kammala fitar da labarin jirgin Nautilus a 1870. A ciki ya tsaya ya bayyana yadda fikafikan gefen jirgin ke nutsar da shi, kuma har yau ana karanta littafin. Mai karatu yana sakin jiki da marubucin da ya san abin da yake faɗa. Mu kuwa jaruminmu injiniya ne ko matuƙin jirgi, amma har littafi ya ƙare ba a gan shi ya ɗaure ko noti ɗaya ba, sai shadda da turare.

Aikin wannan mako: kowa ya zaɓi na'ura ɗaya, keken ɗinki ko injin ban ruwa ko janareta. Ku je ku zauna da mai gyaranta, ku ji sunan da yake kiran kowane ƙarfe, ku rubuto yadda take aiki cikin kalmomi 200. Wanda ya dawo ya ce Hausa ta gaza, ya kawo mana jimlar da ta gagare shi, mu gani.