Yadda Manhajar Gudanar da Ayyuka Za Ta Biya Kuɗinta

A ƴan shekarun nan, ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyi masu zaman kansu a Yamai da Maraɗi da Damagaram, har da Garwa da Injamena, sun soma rungumar manhajojin gudanar da ayyuka irin su Trello da Asana da Microsoft Project. Sau da yawa labarin iri ɗaya ne. Shugaba ya ga an nuna manhajar a wajen wata bita, ta burge shi, ya dawo ya yi rajista, ya umarci kowa ya sauke ta a wayarsa. Makon farko ana ta ɗoki. Bayan wata uku kuwa an koma wa kiran waya da saƙonnin WhatsApp, allon manhajar ya daskare a ranar da aka yi masa kallon ƙarshe, kuɗin wata yana ta fita daga asusu. A ƙarshe sai a yanke hukuncin cewa manhajar ba ta dace da yanayin ƙasa ba, alhali ba a taɓa ba ta damar yin aikinta ba.

Gaskiyar lamari ita ce, amfanin irin wannan manhaja ya rataya ne a kan ƴan ƙa'idojin da ma'aikata suka ɗaura wa kansu kafin su buɗe ta. Tarihi ma shaida ne, domin dabarun da ke cikinta sun girme ta nesa ba kusa ba. Jadawalin nan mai sanduna a kwance, wanda ke nuna farkon kowane aiki da ƙarshensa, yana ɗauke da sunan Henry Gantt, injiniya Ba'amurke da ya yaɗa shi a farkon ƙarni na 20. Tsarin katuna da ake kira Kanban ya fito ne daga masana'antar motoci ta Toyota a Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a hannun Taiichi Ohno. Manhajojin sun zo daga baya: Microsoft Project a 1984, Trello a 2011. Da takarda da alƙalami aka fara cin moriyar waɗannan dabaru, kuma wanda bai fahimce su a kan takarda ba, kwamfuta ba za ta fahimce su a madadinsa ba.

Domin a ga abin a fili, a ƙaddara wani ɗan kwangila ne aka bai wa ginin ajujuwa uku a wani ƙauye na jihar Maraɗi, da sharaɗin ya miƙa makulli kafin komawar makarantu a watan Oktoba. Yana da magina da kafintoci da direba da mai sito da akawu, ga kuma damina tana tafe a watan Yuni. Idan ya saɓa wa'adi, za a ci shi tara, ɗalibai kuma za su sake shekara a rumfar zana.

Ƙa'ida ta farko ita ce kowane aiki ya sami mutum ɗaya da zai amsa shi, da rana ɗaya da za a gama shi, da bayanin abin da ake nufi da gamawa. Katin da aka rubuta wa “ginin aji” ba ya faɗa wa kowa komai. Katin da ya ce a kai buhu 120 na siminti filin gini ranar Alhamis, direba ne ke da alhaki, kuma sai mai sito ya ƙirga ya ɗora hoton takardar karɓa sannan a ce an gama, shi ne katin da za a iya bin sawunsa. Mafi yawan manhajojin suna barin a liƙa mutane da yawa a kan aiki guda. Asana kuwa da gangan ta taƙaita mai alhakin kowane aiki ga mutum ɗaya, kuma hikimar a fili take: aikin da aka ɗora wa mutum biyar, kowane cikinsu yana zaton ɗan'uwansa ya yi.

Ƙa'ida ta biyu ita ce a nuna wa manhajar wane aiki ne ke jiran wane. Ba a ɗora katako sai bango ya kai, ba a buga kwano sai katako ya hau, ba a shafe ciki cikin kwanciyar hankali sai rufi ya tare ruwa. Idan aka jera waɗannan, za a ga wata sarƙa guda mafi tsawo, wadda duk jinkirin kwana ɗaya a cikinta yake tura ranar miƙa makulli gaba da kwana ɗaya. Kamfanonin DuPont da Remington Rand na Amurka ne suka tsara hanyar lissafa wannan sarƙa a ƙarshen shekarun 1950, kuma ita ce mafi tsadar abin da manhaja ke iya yi wa mai ita, amma ita aka fi watsarwa. Ɗan kwangilar da ya san sarƙarsa ba zai ɓata safiya yana rigima kan launin fenti ba alhali katakon rufi bai baro kasuwa ba. Zai kuma gane cewa akwai jinkirin da ƙarin leburori ba ya magancewa: kankare yana ɗaukar kwanakinsa kafin ya yi ƙwari, kuma a kwana 28 injiniyoyi suka saba auna ƙarfinsa, ko da mutum ɗari ne suka tsaya a kansa. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aiki a kamfanin IBM, ya yi irin wannan gargaɗi a littafinsa na 1975, inda ya nuna cewa ƙara mutane a aikin haɗa manhaja da ya makara yana ƙara masa makara, saboda sai tsofaffin ma'aikata sun ajiye nasu sun koya wa sababbi.

Ƙa'ida ta uku ita ce a taƙaita yawan ayyukan da aka buɗe a lokaci guda. Taura biyu ba ta taunuwa. Wannan ne ruhin Kanban, kuma akwai lissafi a bayansa wanda John Little ya tabbatar a 1961: matsakaicin lokacin da aiki ke ɗauka daidai yake da adadin ayyukan da ke buɗe idan aka raba shi da adadin da ake gamawa a mako. Shagon kafintan da ke gama aiki 5 a mako, idan ya buɗe 30 a tare, kowane mai kaya zai jira kimanin mako 6. Idan ya tsaya a 10, jiran ya sauko mako 2, ba tare da an ƙara ma'aikaci ko ɗaya ba. Saboda haka ya kamata a sa wa layin “ana kai” iyaka a allon manhajar, kada a jawo sabon kati sai an fitar da wani.

Ƙa'ida ta huɗu, wadda ta fi sauran wuya, ita ce faɗin gaskiya. Manhaja tana maimaita abin da aka gaya mata ne kawai. Idan magini ya san cewa rubuta “an tsaya” zai jawo masa tsawa a gaban jama'a, zai bar katinsa a “ana kai” har ranar da ɓoyewa ta gagara. Wannan cuta ba ta ƙananan kamfanoni kaɗai ba ce. Sabon filin jirgin sama na Balin a Jamus an shirya buɗe shi ranar 3 ga Yuni 2012, amma ƙasa da wata guda kafin ranar aka sanar da ɗagewa saboda tsarin kariya daga gobara bai kammala ba. Bai buɗe ba sai 31 ga Oktoba 2020. Matsalar da ta ci shekara takwas ba a cikin mako huɗu ta tsiro ba, labarinta ne ya makara a hanya. Shugaban da ke son allonsa ya yi amfani dole ne ya karɓi mummunan labari da godiya idan ya zo da wuri, ya tanadi faɗansa domin wanda ya ɓoye.

Ƙa'ida ta biyar ita ce a sami wuri ɗaya da za a riƙa komawa idan an yi gardama. Ba wanda zai raba ma'aikata da WhatsApp, kuma ba a bukatar haka. Abin da ake bukata shi ne duk shawarar da aka yanke a waya ko a bakin masallaci, kamar canza ranar kai yashi ko ƙarin kuɗin mota, a shigar da ita a katinta kafin rana ta faɗi. Inda intanet ba ta kaiwa, a naɗa mutum guda ya tattara bayanan filin aiki ya shigar da yamma. A rubuta sunayen layuka da Hausa, wato “ba a fara ba”, “ana kai”, “an tsaya”, “an gama”, domin manhajar da ke magana da Faransanci ko Ingilishi ba ta hana a rubuta abin da ke cikinta da harshen masu aikin. Taron mako kuma a yi shi a gaban allon, a fara da katunan da suka tsaya. Idan shugaba da kansa ya ci gaba da neman rahoto ta baki, kowa zai gane cewa allon ado ne.

Sai batun kuɗi. Galibin waɗannan manhajoji a kan kowane kai suke caji, wata-wata, kuma da kuɗin waje. A ƙaddara dala 10 ce a kan kowane mutum: ma'aikata 20 sun zama dala 2,400 a shekara, ko da rabinsu ba su taɓa buɗe ta ba. Trello da Asana duka suna da matakin kyauta mai iyaka, kuma ya fi dacewa a fara da shi a kan aiki guda, a ga inda ya gaza, sannan a biya kuɗin abin da aka tabbatar ana bukata. Duk bayan wata uku a duba jerin masu rajista a cire waɗanda suka bar aiki, a kuma sauke kwafin bayanai a adana. Waɗannan bayanai su ne ribar da ba a cika lura da ita ba: wanda ya san cewa rufin da ya yi wa kiyasin kwana 6 ya ci kwana 11 a kwangila uku a jere, ba zai sake yi wa kowa alkawarin kwana 6 ba.

Akwai masu cewa littafi da waya sun wadatar, tunda da su aka gina garuruwa kafin zuwan kwamfuta. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Mutum uku da ke aiki a rumfa ɗaya ba su bukatar biyan ko dala, allon katako da alli sun ishe su, muddin sun riƙe ƙa'idojin da aka ambata. Amma da zarar ayyuka sun rabu tsakanin gari biyu ko uku, mai sito yana nan, magina suna can, mai biyan kuɗi yana neman hujja a rubuce, ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ba za ta riƙe komai ba, kuma ranar da ya kwanta rashin lafiya aiki ya kwanta tare da shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan kwangilar da ya zauna da mutanensa a watan Afrilu, suka raba aikin kati-kati, suka gano cewa rufi ne ke riƙe da wa'adi, suka amince cewa duk wanda ya tsaya zai faɗa a ranar, shi ne zai buga kwanonsa kafin ruwan farko ya sauka, ko da matakin kyauta yake amfani da shi.