Kantun riɗi ya kusa kashe mana yarinya, kasafin lafiya kuma bai san da irinta ba



Wata bakwai da suka wuce 'yar ƙanwata, 'yar shekara shida, ta ci kantun riɗi a wajen suna. Kafin minti goma leɓenta ya kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, murya ta dishe, ta fara kakari. A gidan sunan wata ta ce iska ce, wata ta ce a shafa mata manja, wata ta ce a nemo wanda ya ba ta kantun a tuhume shi. Aka ruga kemis, ya ba da Piriton. Da muka isa asibiti aka yi mata allurar haidirokotizon aka ce mu jira. Allah Ya kawo wani matashin likita, kallo ɗaya ya yi mata ya ce a miƙo adiranalin, ya caka mata a cinya. Muna tsaye numfashinta ya dawo.

Wannan allura ba ta da tsada, tana cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ita ce ta farko da ake yi wa wanda borin jini ya shaƙe. Piriton da haidirokotizon ba sa buɗe maƙoshi a cikin mintunan da rai ke hannun Allah. Maganin yana cikin kabad tun shigarmu, wanda zai ce a ɗauko ne babu. Ban ga laifin ma'aikaciyar jinyar ba, abin da aka koya mata ta yi.

Bayan an sallame mu wahalar ta soma. Muka tambayi wa za mu gani, aka ce a gwada Legas ko Abuja, mai hali kuma ya tafi Masar. Uban ya kai jininta wani ɗakin gwaji mai zaman kansa, ya biya kuɗi masu kauri. Takarda ta fito ta ce jikinta ba ya son riɗi, gyaɗa, wake, waken suya da alkama. Uwar ta tsorata ta hana ta duka. Ku duba fa: yarinyar da ta tashi da kunun gyaɗa da ƙosai, ba su taɓa yi mata komai ba, yanzu an hana ta. Ta rame har ƙashin wuya ya fito.

Sai da na zauna na yi karatu na gane abin da ya faru. A 2013 an buga wani bincike da Abena Amoah da abokan aikinta suka yi a kan 'yan makaranta kusan 1,600 a Ghana. Gwajin jini ya nuna kusan kashi 17 cikin 100 kamar jikinsu ba ya son gyaɗa, amma gwajin fata kashi 2 kawai ya nuna, waɗanda suka ce gyaɗa na yi musu illa ba su ma kai haka ba. Masu binciken sun danganta wannan tazara da tsargiya: tsutsar tana sa jiki ya samar da garkuwar da ke ruɗar gwajin. To mu nan yara nawa ke wanka a dam da kududdufi da magudanan noman rani? Ka ɗauko gwajin da aka auna a jikin yaran Landan ka ɗora wa yaron Kadawa, sai ka raba shi da ƙuli-ƙuli a banza. Kuma a yankin da abincin da ake ceto masu tamowa da shi, wannan na leda da ake rabawa a asibitoci, da gyaɗa ake yinsa.

Hanyar da ake tabbatarwa ita ce a ba yaro abincin kaɗan-kaɗan a asibiti, likita na tsaye da allura a hannu. Wannan ba ya buƙatar injin biliyoyi. Mutum yake buƙata wanda aka horar. A nan ne fa nake da faɗa da gwamnati, kuma ni ma ma'aikacinta ne, shekara goma sha takwas ina ganin yadda ake haɗa kasafi.

Idan an ce a rage, layin horarwa da layin bincike ake fara yankawa, domin ba su da uban gida. Gini yana da ɗan kwangila, yana da allo mai sunan mai girma, yana da ranar yanke kyalle. Likitan da aka tura ƙarin karatu na shekara biyu ba a ƙaddamar da shi, ba a ɗaukar hoto da shi. Shi ya sa za ka ga katanga da fenti da sabuwar ƙofa, ka shiga ciki ba wanda zai duba ka. A garin Abuja aka yi alkawari a 2001 cewa ƙasashen Afirka za su ware wa lafiya kashi 15 na kasafi. Tarayya ba ta taɓa kaiwa ba, yawanci a kusa da kashi 5 take yawo. Wasu jihohi sukan rubuta 15 ɗin a takarda, amma duk wanda ya taɓa bin fayil ya san rubutawa daban, sakin kuɗi daban. Akwai dokar horar da likitoci masu neman ƙwarewa ta 2017, da asusun da ta tanada, amma sau nawa ƙungiyarsu ta NARD ta tafi yajin aiki da maganar wannan asusu a cikin buƙatunta? Kuɗin da doka ta ce a biya ma sai an rufe asibiti, ina ga fannin da ba wanda ya sa shi a lissafi.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: zazzaɓin cizon sauro na kashe yara, ga kwalara, ga tamowa, kai kana maganar ciwon 'ya'yan masu kuɗi. Gaskiya ne waɗancan sun fi kisa, ban ce a taɓa kuɗinsu ba. Amma wa ya ce na masu kuɗi ne? Ɗan mai kuɗi shi ake gano nasa, a saya masa allurar aljihu daga waje. Ɗan talaka ya shaƙe a hanyar asibiti, a ce iska ce ko asma, a binne shi kafin la'asar, ba takardar da za ta ce ga dalili. Kuma abin yana tafe da zaman birni. A Afirka ta Kudu an gwada yara ƙanana da abincin kansa, aka samu kashi 2.5 a birnin Kef Tawun, kashi 0.5 a karkara. Ninki biyar ke nan. Ku kalli yadda Kano da Kaduna ke cika ku yi lissafi.

Ku ga kuma abin da bincike ke yi. Shekaru ana gaya wa iyaye a Ingila da Amurka su jinkirta ba jarirai gyaɗa. Sai likitoci suka lura yaran Yahudawa a Ingila sun fi na Isra'ila wannan matsala kusan ninki goma, alhali na Isra'ila tun suna jarirai ake ba su wani abin taɓawa na gyaɗa. Aka gwada a jarirai 640 a Landan, sakamako ya fito a 2015: ba da gyaɗa da wuri ya rage matsalar da kusan kashi 80. Suka juya shawararsu gaba ɗaya. Wato mai yiwuwa kunun gyaɗar da kakanninmu ke ɗura wa yaro yana yin aikin da Turawa suka kashe miliyoyi kafin su gano, mu kuma 'yan boko muna gudunsa muna sayen na gwangwani. Wannan tambaya a Kano ya kamata a amsa ta, garin dalar gyaɗa, da kuɗin asusun bincike na TETFund, a hannun malaman Bayero ko Ahmadu Bello ko Ɗanfodiyo. Kada wani ya karanta wannan ya ba jariri ƙwayar gyaɗa, shaƙewa zai yi. Yaron da ke da ƙyasbi mai tsanani ko ya taɓa yin bori, sai da likita.

Riɗin ma haka. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta rasu bayan ta ci burodi mai riɗi da ta saya a filin jirgin saman Landan. Iyayenta suka tsaya har aka yi doka da sunanta wadda ta fara aiki a 2021, suka kafa gidauniya mai zuba kuɗi a bincike. Amurka ta sa riɗi cikin abubuwan da dole a rubuta a jikin kwali tun farkon 2023. Mu da muke noma shi a Jigawa da Nasarawa da Binuwai muna loda musu a jirgi, abincinmu ba a kwali yake ba. Ba mai rubuta maka abin da ke cikin yajin tsire ko miyar gidan biki. Kariyarmu ɗaya ita ce ma'aikacin lafiyar da ya san abin da yake gani.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Kowace jiha ta ɗauki nauyin likitocin yara biyu su je su ƙware a wannan fanni, ko Afirka ta Kudu ce, da yarjejeniyar dawowa su yi aiki. Za a ce za su gudu Saudiyya. Wasu za su gudu, ai shi ya sa sharaɗin farko idan sun dawo shi ne su koyar a makarantun jinya da na kiwon lafiya, domin ma'aikacin asibitin ƙauye ba ya zuwa ko'ina. Kuɗin duka bai kai na jerin motocin rakiya ɗaya ba.

Lokacin kare kasafi na zuwa. Duk wanda ke da lambar ɗan majalisarsa, musamman na kwamitin lafiya, ya tambaye shi nawa aka ware wa horarwa bara, nawa aka saki. Ku kawo min amsar a nan.

Ita kuwa yarinyar, wata likitar yara ta zauna da uwar ta bi tarihin abin da take ci, ta dawo mata da wake da gyaɗa da alkama a gabanta, ba abin da ya faru. Riɗi kaɗai aka bari a haramce. Mun rubuta wa malamar ajinsu takarda, mun kuma roƙi mai tallan ƙofar makarantar kada ta sayar mata da kantu ko ta yi kuka.