Suna Ba Shi Ne Ma'aunin Aiki Ba

Idan yaran Bakori suka taru da la'asar za su buga tamaula, kowa so yake a sa shi gaba, domin mai cin ƙwallo shi ake yi wa tafi. Ba mai son tsakiya, balle tsaron gida. Ni kuwa ina ganin wannan kuskure ne. Ga labarin waɗansu mutane biyu, ku saurara ku ji dalilina.

Na farko shi ne Garba Lawal, wanda aka haifa a Kaduna cikin 1974. Ɗan wasan tsakiya ne. Yana cikin samarin Nijeriya da suka ciwo lambar zinariya a Atlanta ta ƙasar Amurka cikin 1996. Ya je gasar cin kofin duniya sau biyu, a 1998 da 2002. Amma in an ambaci 'yan wasan wancan zamani, Kanu da Okocha ake fara kira, sai daga baya a tuna da Garba.

Na biyu shi ne Andoni Zubizarreta, mai tsaron gida na ƙasar Sifen. Sau 126 yana tsaya wa ƙasarsa a raga, ya kuma je gasar kofin duniya har sau huɗu. Cikin 1992 shi ne golan Barcelona sa'ad da ta ci kofin Turai.

Ran 13 ga Yuni, 1998, mutanen nan biyu suka gamu a birnin Nantes na Faransa. Sifen tana da ci biyu, Nijeriya tana da ɗaya. Sai Garba ya kutsa ta hagu, ya turo ƙwallo ƙasa-ƙasa. Zubizarreta ya kai hannu zai tare, ƙwallo ta kuɓuce masa, ta faɗa raga. Jim kaɗan Sunday Oliseh ya narka wata daga nesa, Nijeriya ta yi nasara da ci uku da biyu.

To, ku dubi yadda duniya ta raba suna. Bugun Oliseh kowa ke labari, alhali kuwa Garba ne ya share masa hanya. Zubizarreta kuma, a ƙasarmu da kuskuren nan guda aka fi saninsa, kamar bai taɓa tare ƙwallo ba. Ashe suna yakan tsallake mai aiki, yakan kuma manta da wahalar shekaru saboda tuntuɓen rana ɗaya.

Ku 'ya'yan manoma ne, kun san wannan. Ranar da aka kai auduga kasuwar Funtua, wanda ya karɓi kuɗi shi ake gani. Amma wa ya yi huɗa? Wa ya yi noman farko da maimai? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka, yara, in malam ya sa ɗayanku tsakiya ko baya, kada ya ɓata rai, ya riƙe wurinsa da kyau. In kuma golanku ya yi kuskure, kada ku yi masa ature. Ku fara ƙirga waɗanda ya tare tukuna.