Rabi'u Pele ne a gaba, Ahmed Musa ya biyo baya, kuma ku sakar wa Sani Kaita mara

Jiya bayan isha'i a majalisarmu ta Daurawa musu ya kaure, har mai shayi ya haɗa kofunansa ya bar mu ba mu gama ba. Wani ƙanenmu ne ya jefo tambaya: a ce yau za a ware ɗaki guda a filin wasa na Ƙofar Mata, a liƙa hotunan waɗanda suka yi wa ƙwallon Kano hidima, wa za a fara liƙawa? Kafin ya rufe baki mutum biyar sun ce Ahmed Musa. Na ce ban yarda ba. Aka yi mini ca, wani ma ya ce hassada ce irin ta ma'aikacin gwamnati da albashinsa ba ya kai shi 20 ga wata. To, maganar albashin gaskiya ce. Ta hassadar ce zan amsa a nan, tunda jiya ba a bar ni na kai aya ba.

Ni ban ce a hana Ahmed Musa shiga ba. Wanda ya ce haka bai san ƙwallo ba. Mutumin da ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 da rigar Pillars, ya kafa tarihin da sai da Jude Aneke ya zo ya karya, ya zura wa Ajantina biyu a gasar duniya ta 2014, ya ƙara wa Iceland biyu a 2018, ya ɗaga kofin Afirka a 2013, ya buga wa Najeriya wasa sama da 100. Ga alherinsa da kowa ya shaida, ga cibiyar wasannin da ya gina a Hotoro. Sau biyu yana dawowa Pillars, a 2021 da 2024, alhali yana da inda zai je. Duk na sani, kuma ina girmama shi.

Amma tambayar ba ta ce wa ya fi suna a duniya ba. Cewa ta yi wa ya yi wa ƙwallon Kano hidima. Ku lissafa mini kofin lig nawa Ahmed Musa ya ci da Pillars. Babu ko ɗaya. A kakar da ya ci 18 ɗin nan na biyu muka ƙare, Enyimba ce ta ɗauka. Yana gamawa ya tafi VVV Venlo ta Holan, daga nan CSKA Moscow, Leicester, Al Nassr. Shekarunsa na ganiya, lokacin da ƙafar take da wuta, Rasha ce ta ci moriyarsu. Ba laifi ba ne, nema ya tafi kuma Allah ya ba shi. Sai dai a shekarun nan da Pillars ta jera kofi uku, 2012, 2013, 2014, yana Moscow. Wa yake Kano?

Rabi'u Ali yake Kano.

Ina so matasan da suka san ƙwallo ta gidan kallo kawai su fahimci abin da ake nufi da buga lig ɗin Najeriya shekara da shekaru. Ba jirgi ake hawa ba. Mota ce daga Kano zuwa Aba, zuwa Fatakwal, zuwa Uyo, kwana a hanya, a sauka ƙafa a kumbure a shiga filin da rabinsa ƙasa ce, gaban 'yan kallon da ba sa son ganinka, da alƙalin wasan da kowa ya san inda iskarsa take kaɗawa. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna kan hanyar Owerri wasa da Heartland. 'Yan wasa biyar aka harba, har da Gambo Muhammad. Irin wannan hanyar Rabi'u ya yi ta bi, kaka bayan kaka, har ya haura shekara 40 yana sanye da rigar nan, yana buga firikik yana ci. Ɗan wasan tsakiya ne fa, ba ɗan gaba ba, amma ya ci wa Pillars ƙwallo sama da 100 a lig. Yana cikin waɗanda suka jera kofuna ukun nan. Yana nan a Asaba a 2018, ranar da muka ci Enugu Rangers uku ba ko ɗaya a wasan ƙarshe na kofin Aiteo, suka farke duka, suka fitar da mu a fenariti. Wallahi ranar ko abincin dare ban ci ba. Bai gudu ba, shekara ta zagayo a Kaduna ya ɗaga kofin bayan an doke Niger Tornadoes. Da ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ranar da mutane da yawa suka daina ɗaga waya, da shi aka sha wahalar dawowa a 2023.

Wani a majalisar ya ce ai zaman da ya yi ba zaɓi ba ne, Turai ce ba ta neme shi ba. To sai me? A ɗauka haka ne. Malamin firamaren da ya shekara 30 a aji ɗaya a Tarauni, za ka ce masa hidimarsa ba ta ƙirguwa don jami'a ba ta kira shi ba? Mu dai mun ga aikin. Kuma kada a manta ya buga wa Najeriya gasar 'yan wasan gida ta CHAN, sun zo na uku a 2014 a ƙarƙashin marigayi Stephen Keshi, sun kai wasan ƙarshe a 2018. Ba ɗan wasan unguwa muke magana a kai ba.

Ba zan ɓoye nasa ba. A 2019 a filin Agege da ke Legas, bayan wasa da Rangers, ya tunkari alƙalin wasa, magoya baya suka faɗa fili, aka dakatar da shi. Kuskure ne, kuma kyaftin ya fi kowa sanin cewa idan ya ɗaga hannu dubu za su ɗaga. A rubuta shi a tarihinsa. Amma rana ɗaya ba ta goge shekaru goma sha.

Wannan ce ta kawo ni kan abin da ya fi ɓata mini rai jiya. Da na ambaci Sani Kaita, dariya aka yi. Wani yaro da nake da tabbacin yana firamare a 2010 ya ce, "Mai jan kati?" Abin da ya rage masa ke nan a bakin mutanen garinsu.

Na kalli wasan nan, ba labari aka ba ni ba. Ranar 17 ga Yuni 2010 a Bloemfontein, muna gaba da ci ɗaya na Kalu Uche, minti na 33 ƙwallo ta fita, Kaita ya kai wa Torosidis ƙafa, aka ba shi jan kati. Ya fita ya lulluɓe kansa da riga. Girka ta farke ta ƙara, aka tashi 2-1. Wauta ce, shi ma ya ce kuskure ne ya nemi afuwa. Amma ku gaya mini, shi ya saki ƙwallon da aka ci ta biyu? Enyeama ne, wanda ya yi ta ceton mu a gasar, kuma ba wanda ya daina kiransa gwarzo. Shi ya zubar da ƙwallo a bakin raga ranar Koriya ta Kudu? Yakubu Aiyegbeni ne. Kaita kuwa har barazanar kisa aka yi ta aika masa. Sauran 'yan ƙasa su zage shi, na fahimta, ba ɗansu ba ne. Mu fa? Yaron da aka haifa a Kano, ya taso a Pillars, ya tafi Sparta Rotterdam, yana cikin tawagar Samson Siasia da ta kai wasan ƙarshe na gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2005, inda sai fenariti biyu na Messi suka raba mu da kofi, ya sake kaiwa wasan ƙarshe na Olamfik a Beijing a 2008, Di Maria ya ci mu ɗaya. Azurfa biyu a matakin duniya. Ku kawo mini ɗan Kano nawa ne yake da su a ɗakinsa. Zidane ya tunkuyi mutum da ka a wasan ƙarshe na gasar duniya a 2006, Faransa ta rasa kofi, har yau suna kiransa sarki. Mu kuma namu mun mayar da shi abin tsokana a teburin shayi.

Haka muka yi wa Gambo Muhammad. Ya zubar da dama ɗaya gaban Sifen a gasar Confederations ta 2013, shi ke nan aka samu abin faɗa. Ƙwallayen da ya ci aka ɗauki lig da su, da harsashin da ya ɗauka a hanyar Lokoja saboda rigar nan, duk an shafe.

A Amurka akwai wani wasa da suke ji da shi, besbol, na sanda da ƙaramar ƙwallo. Ba na kallonsa, amma tsarinsu na girmama tsofaffin 'yan wasa ya burge ni. Suna da zaure a wani ƙaramin gari, Cooperstown, tun 1939. Ba a sa ka sai ka buga aƙalla kaka 10, ka yi shekara biyar da ajiye wasa, sannan marubuta wasanni su kaɗa ƙuri'a ka samu kashi 75 cikin 100. Barry Bonds, wanda ya fi kowa buga ƙwallo ta fice daga fili a tarihin babbar gasarsu, sau 762, shekara goma ana kaɗa masa ƙuri'a bai samu shiga ba, saboda zargin shan ƙwayoyin ƙara kuzari. Har gobe suna rigima a kai. Abin lura shi ne abin da suke tuhuma: maguɗi, ha'inci ga wasan kansa. Wannan daban, fushin daƙiƙa ɗaya daban. Wanda ya sayar da wasa ko ya sayi alƙali, ni ma na ce kada ya ga ƙofar ɗakin. Kaita bai sayar da kowa ba.

Sharaɗin nan na jiran shekara biyar ma ina so mu ara. Na san zai jinkirta Rabi'un da nake wa yaƙi, na yarda. Dalilina shi ne na san garinmu. Idan ba a sa ƙa'ida ba, ranar buɗe ɗakin za ka tarar hoton farko na mai girma ne, na biyu na kwamishina, na uku na wanda ya sayi fenti, 'yan ƙwallon kuma suna can lungu kusa da banɗaki. Shekara 19 ina aikin gwamnati, na ga yadda ake haɗa jerin sunayen lambar yabo: wanda ya yi aikin shi ake tunawa a ƙarshe, in takarda ta rage. Duk mai riƙe da muƙami a ƙungiyar ya jira sai ya sauka. Wannan ya haɗa da Ahmed Musa, da aka naɗa janar manaja a 2025. Kare masa mutunci ne ma, kada gobe a ce shi ya liƙa kansa.

Sai masu cewa ɗakin na 'yan asalin Kano ne kawai. Wannan ba ta ma cancanci dogon bayani ba. Kadiri Ikhana ne ya kawo mana kofin lig na farko a 2008, Okey Emordi ya kawo na 2014, Theophilus Afelokhai ne a raga shekarun da ba a iya cin mu a gida, har sai da Nasarawa United ta zo ta karya a 2015 bayan shekara 12. Ahmed Musan da kuke so a fara da shi ma a Jos aka haife shi. In za ku tace, ku fara da shi mu gani. Marigayi Chinedu Udoji kuwa, wanda ya rasu a haɗarin mota a cikin garin nan a Fabrairun 2018, sa'o'i kaɗan bayan ya buga mana wasa da tsohuwar ƙungiyarsa Enyimba, zan faɗi abin da wasu ba za su so ba: zamansa da mu gajere ne, a ma'aunin shekaru da kofi ba zai shiga sahun farko ba. A ba shi bango nasa na tunawa, ya cancanta. Amma tausayi ba ya zama ma'auni, in ba haka ba gobe ma'aunin zai zama kuɗi.

Abin da ya kashe musun jiya, na tambayi yaran wa ya fara kawo kofin lig Kano. Suka ce Pillars, 2008. Raccah Rovers ce, 1978, shekara 12 kafin a haɗa WRECA da Golden Stars da Bank of the North a kafa Pillars a 1990. A shekarar ce ma Pele na ainihi, na Brazil, ya buga da su a Kaduna cikin rigar Fluminense. Daga cikinsu Shefiu Mohammed ya shiga tawagar da ta ci wa Najeriya kofin Afirka na farko a 1980. Kafin su kuma, tun 1953 tawagar Kano ta doke Lagos Dynamos ta ɗauko kofin ƙalubale. Yaran nan za su lissafa maka 'yan bencin Arsenal har da lambar rigarsu, amma ko sunan Raccah ba su taɓa ji ba. Ban ga laifinsu ba, a ina za su gani? Waɗanda suka rage daga 'yan wasan nan tsofaffi ne yanzu, hotunan suna cikin akwatunan iyalansu, gara tana ci.

Don haka ga nawa jerin, wanda ya ga dama ya zage ni a ƙasa. Bangon farko na 'yan 1953 da Raccah ta 1978 ne, ƙungiya guda, ba sai an kaɗa ƙuri'a ba. Kusa da su tawagar 2009 da ta je Alƙahira ta yi 2-2 da Al Ahly ta fitar da ita, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. A ɗaiɗaiku, Gambo da Kaita da Afelokhai, da Ikhana da Baba Ganaru a ɓangaren masu horarwa. Kujera ta ɗaya a bar ta babu kowa har ranar da Rabi'u Ali ya cika shekara biyar da rataye takalmi. Ahmed Musa ya zauna a ta biyu.

Wanda ya ce mini mai hassada jiya, na san kana karantawa. Yau da daddare ina nan wajen mai shayi, ka zo da sunan kofi ɗaya da Ahmed Musa ya ɗaga da rigar Pillars, ni zan biya kuɗin shayin da indomi.