Tambaya kafin take: gyaran tsarin bincike tun daga tushe

Kowace shekara, ɗaliban da suka kai matakin rubuta kundin bincike a sashen kimiyyar harshe sukan ruga wurin malamai da take a hannu, alhali ba su da tambaya a zuci. Da yawansu suna ɗaukar takardar tsarin bincike tamkar shingen da za a tsallake don samun sa hannun mai duba aiki. Wannan kuskure ne mai tsada, domin shi ke sa ɗalibi ya ɓata watanni yana tara bayanan da ba su amsa komai ba, wani har shekara ta kuɓuce masa.

Misali, ɗalibi ya ce zai yi nazarin "karin harshen Adar". Wannan fage ne, ba tambaya ba. Bernard Caron ya cika littafi guda a kansa a 1991. Amma an san cewa a Adar ana cewa "hwari" da "hita" inda Bakano ke cewa "fari" da "fita". Shin samarin birnin Tawa, waɗanda suka tashi da finafinan Kano da wayar salula, suna riƙe da wannan furuci kamar iyayensu? Wannan ita ce tambaya, kuma ana iya amsa ta cikin lokacin da jami'a ta ƙayyade.

Da zarar tambaya ta tsaya, ita za ta faɗi waɗanda za a saurara: tsofaffi da samari, maza da mata, mazauna birni da na ƙauye. Ita za ta nuna cewa hira ta sakin jiki ta fi karanta jerin kalmomi, tunda mutum yakan gyara bakinsa in ya ga takarda. Dole kuma tsarin ya yi la'akari da yanayin ƙasa: da damina mutane suna gona, bayan girbi kuwa samari da yawa sun tafi ci-rani. Wanda bai lissafa wannan ba, tare da kuɗin mota da neman yardar masu magana kafin ɗaukar muryarsu, zai isa garin ya tarar ba kowa.

Haka nan ya kamata a bayyana tun farko yadda za a rubuta misalai: ƙa'idar rubutu ta Nijar ta 1999 mai amfani da ƴ, da alamun karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa.

Wasu na cewa tsari yana ɗaure hannun mai bincike, tunda fage yakan zo da abin da ba a zata ba. Gaskiya ne fage yakan sauya tambaya, amma sai wanda ya tafi da tambaya ne zai gane cewa ta sauya.

Tun 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Masu tsara littattafan makaranta da ƙamus za su buƙaci bayani tabbatacce a kan yadda ake magana a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Dogon Dutsi. Kundi ƙarami mai amsa tambaya guda zai fi yi musu amfani a kan babba mai taɓa komai sama-sama. Saboda haka ya dace malamai su ƙi sa hannu a kan take, sai sun ji tambayar da ke bayansa.